Sabulun gida: ina ribar take, me ke cinye jarin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan kwalliya, kuma masu saye suna yawan tambayata sabulun da ba shi da sinadari. Na gwada haɗawa sau biyu. Na farko ya ƙi daskarewa, na biyu ya yi ƙarfi amma yana cin hannu. Jarina kaɗan ne. In ci gaba, ko in haƙura in riƙa saro na wasu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ci gaba, amma kada ki sake sayen ko cokali ɗaya na mai sai kin mallaki sikeli mai auna giram. Matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya: awo da ido ko da kofi. A na farko soda ta yi kaɗan ko ruwa ya yi yawa, a na biyu soda ta fi ƙarfin man, ragowarta ce ke cin hannu.

Mu fara gyara maganar "ba sinadari". Ba a yin sabulu sai mai ya haɗu da kostik soda ko wani abu mai aikinta, kamar ruwan toka. Idan awo ya yi daidai, sodar takan ƙare cikin man gaba ɗaya, abin da zai rage shi ne sabulu da gilisarin mai tausasa fata. Ki faɗa wa masu sayenki haka kai tsaye.

Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Giram ɗaya na man kwakwa yana cin kimanin 0.183 na giram, man ja 0.142, man zaitun 0.135, man kaɗanya 0.128. Shi ya sa ba a musanya wani mai da wani a bar sodar yadda take. Ga haɗi na kilo ɗaya da zai ba ki sabulu mai ƙarfi da kumfa: man ja tatacce mara launi giram 400, man kwakwa 300, man zaitun 200, man kaɗanya 100. Jimillar sodar da za su ci ta kai giram 151 da rabi, amma ki rage kashi 5 cikin 100, ki auna giram 144. Wannan ragi shi ne garkuwarki: ɗan man da bai samu soda ba zai zauna a sabulun, fata ba za ta bushe ba. Ruwa giram 290, tatacce ko na sama mai tsabta, don ruwa mai gishiri-gishiri yana kashe kumfa.

Ki sa safar hannu ta roba da tabarau, ki buɗe taga, yara su yi nisa. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, a hankali, ana juyawa. Kada ki taɓa zuba ruwa a kan soda, zai iya tafasa ya fantsamo miki a fuska. Haɗin zai ɗau zafi sosai da kansa, ya yi fari-fari, sannan ya washe. Ki yi aikin a roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar alminiyom kuwa a'a, soda tana cin ta har ta fitar da iskar da ke kama wuta. In ta taɓa fata, ruwa mai yawa za ki yi ta kwarawa na kamar minti 15.

Ki narkar da mayukan, ki jira su da ruwan sodar su huce zuwa digiri 35 zuwa 45. Sai ki zuba ruwan sodar cikin man ki yi ta juyawa. Da injin markaɗe na hannu minti kaɗan ne, da ludayi kuwa zai iya kai awa guda ko fiye. Alamar ya haɗu ita ce ki ɗaga ludayin ki ɗiga haɗin a samansa, ki ga ɗigon ya zauna ya bar sawu na ɗan lokaci kafin ya nutse. Wanda ya yi gaggawar zubawa kafin wannan alama zai tarar da mai yana yawo a sama washegari. A nan ake sa turare, kamar giram 30, kuma ya zama na mai. Turaren fesawa mai barasa yana sandarar da haɗin nan take a cikin kwano. Ki juye a mazubi, ki rufe, bayan kwana ɗaya ko biyu ki fitar ki yanka.

Yanzu ga inda 'yan kasuwa suka fi faɗuwa. Sabulun da aka yanka yau ba na sayarwa ba ne. Sai ya sha iska sati huɗu zuwa shida a inuwa, a jere, da tazarar yatsa tsakanin guda da guda, ana juya shi lokaci-lokaci. A wannan zaman ne ruwan ke fita, ya yi tauri, ya yi laushi a fata. Wanda aka sayar ɗanye zai narke a bandakin mai saye cikin 'yan kwanaki, ita kuma ba za ta dawo ba, ba ma za ta gaya miki dalili ba.

Ma'anar wannan a aljihunki: in kina haɗi ɗaya kowane mako, kuɗin haɗi shida za su kwanta a kan katako kafin na farko ya dawo. Don haka ki raba jarin gida bakwai, shida na haɗi, ɗaya na ko-ta-kwana. Kada ki zuba shi duka a tukunya guda.

Haɗin da ke sama yana ba da kusan giram 1,430. In kika yanka giram 110, guda 13 ne, kuma kowanne zai dawo wajen giram 100 bayan bushewa. Ki yi lissafi da 12, don gefe da ɓaraguzai ba sa sayuwa. Ki tara kuɗin mai, soda, turare, takardar naɗi, makamashi, sufuri da ladan awannin da kika yi, ki raba gida 12. Mata da yawa suna manta ladan kansu, sai su ga ciniki na tafiya amma jari ba ya motsi. A ganinmu, in farashinki bai kai ninki biyu na wannan adadi ba, ba ki da abin da za ki rage wa 'yan sari.

Farar hoda a saman sabulu ba illa ba ce, iska ce ta taɓa shi yana ɗanye, a kankare. Ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo da warin tsohon mai kuwa alama ce man ya lalace, yawanci don an sayi tsoho saboda araha ko an ajiye a wuri mai danshi. Wannan ba ya gyaruwa, kada ya shiga kasuwa.

Ki tsaya a kan nau'i ɗaya ko biyu sai hannunki ya faɗa. Ki buɗe littafi: ranar haɗi, awon komai, inda aka sayo man, da yadda ya fito. A takardar naɗi ki rubuta abin da ke ciki, nauyi da ranar haɗi, kuma kada ki ce yana warkar da ƙuraje ko wata cuta, wannan da'awar magani ce mai dokarta daban. Kafin ki fara kai wa shaguna, ki nemi hukumar da ke rajistar kayan shafa a ƙasarku ki ji sharuɗɗanta. Daga kowane haɗi ki ajiye guda ɗaya wata shida, ki ga yadda yake tsufa kafin ki ƙara yawa.