Me ya sa masu karatu suka fi son kishiyar a kan jarumar littafina?

Tambaya: Malama, daga Anguwar Rogo a Jos nake rubuto miki. Na kai babi na 14 a littafina, amma masu karatu suna cewa jarumata ba ta da rai, har sun fi son kishiyarta, alhali na bai wa jarumar kyau da ilimi da haƙuri. Abin ya dame ni ƙwarai. A ina na kuskure?

Amsa: Ƙanwata, ai kin ambaci ciwon da bakinki. Kishiyar tana tsoron a ƙwace mata gida, kuma tana tashi tsaye ta kare shi, ita kuwa jarumarki tana zaune ana yi mata, ba ta da aiki sai kuka.

Kusan duk rubutun da aka kawo mini gyara sai na ci karo da wannan zato, wai sai an wanke jaruma tas daga kowane aibi kafin mai karatu ya so ta. Masu buɗe ajin koyon rubutu a WhatsApp, waɗanda suke karɓar kuɗi su raba wa ɗalibai jerin siffofi, su ne suka ƙara rura wutar: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, ga digiri daga Ingila, ga saurayi mai gida a Maitama. A cinye shafi uku ana zayyana ido da gira, ba a gaya mana abin da yake hana ta barci ba. Wasu kuma tsoro suke ji kada a ce sun ɓata tarbiyya idan jarumarsu ta yi ƙarya ko sau ɗaya ne. To, su koma su karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta cutar juna, kuma da wannan halin ne ake tuna su har yau.

Mu ɗauka mahaifin jarumarki yana cikin waɗanda suka rasa shago a gobarar kasuwar Taminus ta Jos a 2002, kuma har yanzu makullin shagon yana aljihunsa. Yarinyar da ta tashi a wannan gida za ta iya tsayawa a kasuwar Farin Gada tana ja-in-ja da mai kabeji a kan naira 50, sannan ta ɓoye wa mijinta kuɗin adashinta, ko da ya tambaye ta kai tsaye. Ki koma babi na 3 ki sa ta yi wannan ƙarya, a babi na 14 kuma ki bari kishiyar ta tsinci kuɗin a ƙarƙashin katifa.