Fim na tsayawa a TV: suwic ne ya mutu ko wani abu daban?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da tsohuwar kwamfuta da na mayar ma'ajiyar finafinai na sa mata Plex, manhajar da ke tura finafinan zuwa TV, na ja waya daga ita zuwa suwic (akwatin da ke raba netwok ta waya) mai rami 8, daga suwic ɗin waya ɗaya ta tafi rauta, ɗaya TV na falo, ɗaya ɗakin yara. Kusan shekara 2 komai lafiya lau, amma yanzu fim sai ya yi kamar minti 10 ya tsaya yana ta lodin, wani sa'in ma TV ta ce babu netwok kwata-kwata, in na zare suwic ɗin daga wuta na mayar sai ya dawo, anjima ya sake. Wayoyin hannu da ke kan Wi-Fi kuwa ras suke. Fitilar ramin kwamfutar ma da kore ce, yanzu ta koma ruwan lemo. In sayo sabo ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsaya tukuna kar ka sayi komai. Tunda Wi-Fi na aiki toh rauta da intanet ɗinka lafiyarsu ƙalau, matsalar daga suwic ne zuwa wayoyin da ke jikinsa, kuma ni gaskiya a bayaninka abu biyu nake gani ba ɗaya ba.

Wanda na fi zargi shi ne adaftar da ke ba suwic ɗin wuta. Irin waɗannan ƙananan suwic ɗin ba su da fanka, ba abin da ke motsi a cikinsu, suna daɗewa sosai, amma adaftar in ta kwana biyu kafasitocin cikinta sukan gaji, sai ta riƙa ba da wuta daidai lokacin da ba a aiki, da zarar fim ya fara gudu nauyi ya ƙaru sai wutar ta yi ƙasa suwic ya mutu ya tashi da kansa. Ka zauna gabansa ka sa fim. In lokacin da hoton ya tsaya ka ga fitilun duk sun mutu tare sun dawo tare, ka kama ɓarawon. Ka duba rubutun ƙarƙashin suwic ɗin, za ka ga 5V ko 9V ko 12V, sai ka nemi adafta mai wannan adadin daidai, ba sama ba ƙasa, amfiya kuma ta kai tasa ko ta fi, bakin ma ya zama iri ɗaya. Kar ka ce ai ta shiga ramin shikenan, wlh mai 12 a kan na'ura mai 5 ƙona ta za ta yi nan take. Ka taɓa jikinsa kuma, in ka cusa shi bayan TV inda iska ba ta shiga ya yi zafi rau, fito da shi.

Ita kuma fitilar, a yawancin suwic kore na nufin gudun gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, ruwan lemo kuma 100, amma ka duba takardar naka dan wasu kamfanonin launinsu daban. Wayar netwok silli 8 ne a cikinta, gigabit sai da duka takwas ɗin, shi ko 100 huɗu sun ishe shi, shi ya sa in silli ɗaya ya tsinke ko kan wayar ya saki ba lallai ta mutu gaba ɗaya ba, tana iya saukowa 100 shiru ba sallama, wani lokacin ma ta riƙa hawa da sauka, duk sauyin kuma sai haɗin ya yanke na ɗan daƙiƙu. Canza wayar da Cat5e ko Cat6 mai kyau, in fitilar ba ta koma kore ba ka mayar da ita wani ramin, rami ɗaya kan lalace sauran na aiki. Af, in ramin TV ne ka gani ruwan lemo kar ka damu, TV da yawa har masu 4K 100 kawai raminsu ke ɗauka, ya ishi Netflix da megabit 15 yake nema a 4K, sai dai fim ɗin da aka kwafo daga faifan Blu-ray na 4K kan haura 100 a wasu wurare, nan kam ko suwic sabo fil ne sai ya yi tsaye.

Gwajin da zai raba gardama: cire suwic ɗin gefe, ka jona kwamfutar da TV kai tsaye a bayan rauta, ka sa fim ɗin nan dai da ke tsayawa. In ya tafi har ƙarshe, kuma sabuwar adafta da sabuwar waya ba su gyara ba, toh a lokacin ne za ka sayi sabo.

TAMBAYA: Malam ni kuma bayan mun yi gyaran falo ne komai ya ɗauke har Wi-Fi, fitilun suwic duk sai ƙyaftawa suke da sauri a tare ba tsayawa. 'Yar'uwarka ce mai bin shafin nan.

AMSA: Hajiya wannan alamar zagaye ce, wajen mayar da wayoyi wani ya jona waya ɗaya kai da gindi duk a suwic ɗin, ko ya ja waya biyu daga suwic zuwa rauta, sai saƙonni su yi ta kewaya suna ninkuwa har su toshe gidan gaba ɗaya, ƙananan suwic da yawa kuma ba su da dabarar tare wannan. Ki zare wayoyin duka, ki riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya kina jira kamar rabin minti, wadda kika sa fitilu suka haukace ita ce, ki bi ta da hannu ki ga inda ɗaya kan nata ya shiga.