Amsoshinku: Koyar da yara a gida, me za a saya me za a bari

Tambaya: Anti kuɗin makaranta ya fi ƙarfinmu, yara uku ne, maigida ya ce tunda ina da NCE in riƙa koya musu a gida. Wallahi ko barci bana iya yi, tsoro nake kar in cuce su. Daga Maman uku, Tumfure, Gombe.

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, uwar da ke kasa barci kan karatun 'ya'yanta ba ita za ta cuce su ba. Amma ki sani dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa yaro shekara 9 a makaranta, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, toh kafin ki yanke ki leƙa ta gwamnati da ke unguwarku, ki kai su da safe ke kuma ki cike giɓin a gida. In kin dage sai gidan, nemi manhajar NERDC, hukumar gwamnati da ke tsara abin da za a koyar a makarantu, ki bi aji aji, kar ki yi ta koyar da abin da ya faɗo miki a rai. Ki tuna takarda tun yanzu, WAEC da NECO suna da jarabawar 'yan waje da mutum ke yi wa kansa rajista, amma ta JSS 3 ta makaranta ake bi. Islamiyya kuwa kar ki kuskura ki cire su, can za su ga 'yan uwansu yara, a yi faɗa a shirya.

Tambaya: Wata a WhatsApp tana sayar da kayan Montessori da tablet na karatu, ta ce wata biyu yaro zai fara karanta littafi. In saya? Ɗana shekararsa 4. Daga Fadaman Mada, Bauchi.

A'a Hajiya, riƙe kuɗinki. Wannan suna na Montessori ya zama tambarin cin kuɗin iyaye a garin nan, ko roba aka yi wa fenti sai a lanƙaya masa a ninka farashi, makaranta mai ɗaki biyu ma ta rubuta shi a get. Ita Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum, kuma 'ya'yan talakawa ta tara, ba na masu kuɗi ba. Abin da ta kawo shi ne yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya zuba ruwa, ya jera, ya ƙirga, ya share inda ya ɓata, babba na gefe yana lura. Toh wanne ne babu a kicin ɗinki? Wake, murfin kwalba, tire da yashi ya zana harafi da yatsa. Shi tablet ɗin yawanci mai arha ne aka sa masa riga mai kala aka loda katun, ga wutarmu yadda take, kwana kaɗan caji ya daina shiga ko gilashin ya fashe, ki kira mai kayan ki ji lamba a kashe. Haka littattafai, na jabu sun cika gari, ki buɗe ki duba shafuka kafin ki biya, wani tawadar ta dushe wani an tsallake babi guda. Kuma duk wanda ya yanka miki wa'adin da ɗan shekara 4 zai yi karatu, ɗan kasuwa ne ba malami ba.

Tambaya: Turanci zalla zan yi musu ko in haɗa da Hausa? Daga wani uba, Jekadafari.

Malam fara da Hausa, yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro na saurin kama ba bi bu. Turancin ka bi ta sautin haruffa irin na Jolly Phonics, ba haddar ABCD ba. Sannu da ƙoƙari, iyaye maza ba su cika rubuto min ba.

Tambaya: In ɗinka musu yunifom tunda a falo za mu riƙa yi?

Haba dai. Sayi allo da alli.