Likita, Damuwa Ce Ke Cin Jikina Ko Wata Cuta Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun da aka fara sallamar ma'aikata a wurin aikinmu gabana ke yawan faɗuwa, kaina na ciwo, wuyana ya sage. Da aka auna ni an ce jinina ya ɗan hau. Damuwa na iya jawo haka? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo mafita. E, tana iya jawowa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan sashe da ke sakin sinadarai biyu, adirinalin da kotizol, duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango hatsari. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, naman wuya da kafaɗu ya ɗaure. An halicci wannan ne don hatsarin ɗan lokaci, kamar mota ta taso maka a guje ka yi tsalle ka kauce. Matsalar ita ce fargabar rasa aiki ba ta wucewa cikin minti biyu. Wata da watanni jikinka na cikin shirin gudu, ba ya samun sararawa. Tun 1936 wani masani mai suna Hans Selye ya nuna a Kanada cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, wannan sashen da ke kan ƙodarsu yana kumbura, jikinsu kuma ya raunana.

Amma kada ka ɗora komai a kan damuwa. Awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. A maimaita a ranaku daban-daban, bayan ka zauna ka huta na minti 5. Idan yana kaiwa 140/90 ko fiye a kai a kai, hawan jini ne, kuma yana son magani ko da hankalinka ya kwanta. Ciwon ƙirji da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, da gumi, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki, waɗannan na garzayawa asibiti ne a lokacin.

Tambaya: Likita, duk jarrabawa ta gabato sai ƙirjina ya riƙa zafi. An ce tunani ne ya sa min gyambon ciki. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, tunani na tsananta zafin ciki, amma yawancin gyambon ciki abu biyu ke kawo shi: ƙwayar cuta mai suna H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, da kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Ki je a gwada ki. Idan ƙwayar ce, tana da magani kuma ana warkewa.

Tambaya: Likita, kusan wata biyu ba na samun barci. Sai in farka tsakar dare in yi ta kuka ba dalili, ko yarana ba na son su matso kusa da ni. Ƙawata ta ba ni ƙwayar barci. Daga wata uwa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Saƙonki ya fi sauran tsaya min a rai, kuma na ji daɗi da kika yi magana. Abin da kika kwatanta ya wuce gajiyar yau da kullum. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako 2 kusan kullum, ga rashin barci, ga canjin cin abinci, ga jin ke ba ki da amfani, muna zargin ciwon damuwa mai tsanani. Ciwo ne kamar kowane ciwo. Ba rashin haƙuri ba ne, ba kuma alama ce ta ba kya son 'ya'yanki ba.

Ƙwayar nan, don Allah kada ki ci gaba da ita ba da sanin likita ba. Irin su diazepam suna kama jiki cikin 'yan makonni. Idan kin riga kin saba sha kullum, kada ki yanke lokaci guda, likita ne zai rage miki a hankali. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne. Akwai maganin tattaunawa da ƙwararre, akwai na sha, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa sosai.

Kafin nan, ki riƙa tashi a lokaci guda kullum, ki ajiye waya nesa da shimfiɗa, ki bar kofi daga rana ta yi tsaka. In kin farka zuciya na dukan uku-uku, ki dafa cikinki, ki shaƙi iska kina ƙirga 4, ki fitar a hankali kina ƙirga 6, har ki ji kafaɗunki sun sauka. Dogon fitar da numfashi na rage gudun zuciya. Ki riƙa taka ƙasa kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ki sami mutum ɗaya da kika amince da shi ki faɗa masa halin da kike ciki, a kama miki hidimar yara. Idan tunanin cutar da kanki ko yaran ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, a raka ki asibiti yau.

Tambaya: Gashina na zubewa, al'adata ta rikice tun bayan rasuwar mahaifina. Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Babban tashin hankali na iya sa gashi zubewa bayan wata 2 zuwa 3, kuma yawanci yana dawowa da kansa. Yana iya jinkirta al'ada ma. Duk da haka a yi miki gwajin ciki, da na ƙarancin jini, da na maƙoƙo, don su ma suna kawo irin waɗannan alamun.