Me mashawarci yake tsinana wa aikin ruwa da shara, tunda ba shi yake haƙa rijiyar ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki da wata ƙungiyar sa-kai. Duk lokacin da muka samo kuɗin aikin ruwa ko na shara, sai in ga an ware wani kaso an ba kamfanin ba da shawara. Ba su haƙa rijiya ba, ba su ɗaga ko shebur ba, sai rahoto mai kauri. Amma a takardunsu cewa suke yi suna tallafa wa ci gaba mai ɗorewa, samar da ruwa, ayyukan yi da sake sarrafa shara. Don Allah gaskiya ne, ko dai wata hanyar cin kuɗi ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun akwai, ba zan ɓoye miki ba. Na sha ganin rahoton da aka kwafo daga wani aiki aka canza sunan gari kawai, aka karɓi kuɗi. Amma kafin ki yanke wa sana'ar hukunci gaba ɗaya, bari in nuna miki abin da ake biya idan an samu na kirki.

Ita kalmar "mai ɗorewa" ta yi ƙarfi ne tun rahoton 1987 na kwamitin Brundtland, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan muhalli da ci gaba, inda aka fassara ta da biyan buƙatar mutanen yau ba tare da tauye ta jikokinsu ba. A watan Satumbar 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 da ake son cimma kafin 2030: na 6 ruwa da tsafta ne, na 8 aikin yi na mutunci, na 12 kuma yadda ake samar da kaya da yadda ake amfani da su, har da shara. Shi ya sa kike ganin waɗannan kalmomi a kowace takarda. A bakin mai aiki kuwa ma'anarta ba ta da tsawo: idan aka dawo bayan shekara biyar, famfon yana kawo ruwa?

Sau da yawa ba ya kawowa. Binciken da aka yi ta yi kan famfunan tuƙa-tuƙa a Afirka kudu da Sahara ya nuna tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku ba sa aiki a kowane lokaci aka duba. Wannan kuwa a duniyar da alƙaluman WHO da UNICEF suka nuna mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a 2022. Ashe ba ƙarancin haƙa ba ne kaɗai matsalar.

Kafin motar haƙa ta zo, mai nazarin ruwan ƙasa zai kafa sandunan ƙarfe a jere, ya tura wutar lantarki cikin ƙasa, ya karanta yadda kowane hawa yake tare ta, don ya gane inda dutse ya tsage ko yashi ya riƙe ruwa. Bayan an haƙa sai gwajin jan ruwa, wanda 'yan kwangila suka fi son tsallakewa saboda yana cin mai da lokaci. Za a kunna injin ya yi ta ja ba tsayawa, awa 24, wani lokaci har 72. Mutum na zaune bakin rijiyar da tef mai ƙara idan ya taɓa ruwa, yana zura shi yana rubutawa: da farko duk minti ɗaya, daga baya duk awa, har cikin dare da tocila. Idan an kashe injin, sai a auna saurin da ruwan yake dawowa. Waɗannan lambobin su ke faɗin girman famfon da za a sa da yawan mutanen da rijiyar za ta ɗauka. Aka sa famfon da ya fi ƙarfin rijiya, zai zuƙe ta, ya ja iska, ya ƙone. Ɗan kwangila an biya shi bisa zurfin da ya haƙa, ya tafi. Dole a samu wani da ba ya cin ribar zurfin, ya tsaya a kansa a madadinku.

Sai gwajin ingancin ruwan, kuma nan Bangaladash ta bar wa duniya darasi mai ɗaci. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyi don raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa, aka kuma ceci yara da yawa. Sai a 1993 aka tabbatar ruwan rijiyoyi da dama yana ɗauke da sinadarin asenik, wanda ba shi da launi ba shi da ɗanɗano, yana kuma jawo ciwon fata da sankara bayan shekaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ma'aunin WHO na asenik maikirogiram 10 ne (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a litar ruwa, kuma gwajin bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa, amma ba a sa shi cikin abin da ake dubawa ba. Ƙarshenta sai da aka bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana shafa wa bakin famfo jan fenti idan ruwan na da guba, kore idan lafiya lau yake.

A birane kuma aikin ya fi karkata ga ruwan da aka tace aka tura amma ya ɓace a hanya, ta yoyon bututu, jonin sata ko mitar da ba ta karatu. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, kashi 72 cikin 100 na ruwan yake salwanta haka a 1993. Cikin kimanin shekara 15 aka dawo da shi wajen kashi 6. Ƙwararru daga Japan sun taimaka da babban tsarin aikin, amma waɗanda suka bi layi-layi da dare suna sauraren yoyo, suka sa mita, suka tilasta wa manya biyan kuɗin ruwa, ma'aikatan hukumar ruwan birnin ne ƙarƙashin shugabansu Ek Sonn Chan. Ki riƙe wannan, domin iyakar mashawarci ke nan: yana nuna hanya, ba ya tafiyar.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin. Farkon aikina na tsara wata rijiya mai amfani da hasken rana, lissafina bai da aibu ko ɗaya. Abin da ban tambaya ba shi ne wa zai riƙe kuɗin gyara, kuma ina za a samo kayan. Wata na'ura ƙarama ta lalace bayan shekara biyu, tankin ya bushe, mata suka koma inda suka saba ɗiba. Tun daga nan nake fara tambayar mai gyara kafin in tambayi zurfin ruwa.

Batun shara da na aikin yi a wurina abu ɗaya ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta biranen duniya sun tara tan biliyan 2 na shara a 2016, kuma ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ce kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Aikin farko na mashawarci a nan ƙazami ne: a shimfiɗa tamfol, a juye sharar gidaje da aka zaɓa, a sa safar hannu a ware ragowar abinci, leda, gorar roba, kwali, gwangwani, kwalba, a auna kowanne a sikeli, a maimaita a rani da damina. Idan fiye da rabi jiƙaƙƙen abu ne mai ruɓewa, kamar yadda yake a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, to injin ƙona shara don samar da lantarki ba zai ci ba sai an ƙara masa mai, mayar da sharar takin gargajiya ya fi dacewa. Tambaya ta biyu: wa zai saya? Gwangwanin alminiyum ba ya kwana a juji, domin narka shi yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo. Leda mai hawa-hawa kuwa ba mai so. Da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar roba a farkon 2018, har ƙasashe masu arziki sai da suka rasa inda za su kai abin da suka tara.

Tambaya ta uku ita ce wadda ake yawan mantawa: su wa suke cin abinci a wannan sharar tun kafin mu zo? A Alƙahira, Zabbalin, wato masu kwasar shara na gargajiya, sun daɗe suna bin gida-gida suna kwashe shara, ana kuma ƙiyasta suna sake amfani da har kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso. A 2003 aka ba kamfanonin ƙasashen waje kwangilar, da manyan motoci da ba sa shiga lungu, aka nemi su sake sarrafa kashi 20 kawai. A takarda an samar da sababbin ayyuka; a ƙasa an taɓa abincin dubban iyalai. Birnin Pune na Indiya ya bi wata hanyar: a 2008 ya ƙulla yarjejeniya da SWaCH, ƙungiyar gama-kai ta masu tsintar shara, su ke karɓa daga ƙofar gida, magidanta na biyan su, abin da suka ware kuma nasu ne su sayar. Brazil ma ta sa 'yan bola-jari cikin dokar shararta ta 2010. Saboda haka idan kika ga an rubuta "za a samar da ayyuka kaza", ki tambaya nawa ne na wata shidan gini, nawa ne za su rage bayan an yanke kirtani, ayyuka nawa kuma aka rusa don a samar da su.

To ta yaya za ku gane na kirki? Ku kuke rubuta sharuɗɗan aikin, kada ku bar masa ya rubuta wa kansa. Ku nemi ɗanyen bayanan, wato takardar gwajin jan ruwa da sakamakon ɗakin gwaji, ba taƙaitawa kawai ba. Ku tambaye shi kwana nawa zai yi a wurin da kuma wa zai zauna da su, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mai ba ku shawarar wane famfo za ku saya ya zama shi ne mai sayar da famfon, ko ɗan'uwan ɗan kwangila. Ku sa a yarjejeniya cewa zai horar da mutum biyu ko uku daga cikinku, ya bar lissafin kuɗin gyara na kowace shekara. Idan dokokin mai ba ku tallafi sun yarda, ku riƙe wani ɓangare na kuɗinsa sai bayan wata 12 da miƙa aikin, ku je tare da shi ku murɗa famfon.