Tambaya da Amsa: Zan iya ƙera kayan babur da kaina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni bakaniken babur ne a Agege. Tun da aka takura wa acaba a Legas aiki ya ja baya, amma masu baburan kai saƙo da masu manyan babura suna yawan zuwa neman ƙananan kayan da babu su a kasuwa, sai dai in tura su wajen masu injin sassaƙar ƙarfe. Akwai ɗan fili a gidan da nake haya. Ina son in sayi ƙaramin injin in riƙa yi da kaina. Me zan iya ƙerawa, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Tunaninka yana kan hanya. Tun haramcin da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta fara aiwatarwa a watan Fabrairun 2020, ta kuma tsananta shi a watan Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi, irin baburan da ke zuwa gareji sun canja. Bajaj Boxer kayansa suna ko'ina, kuma da araha, ba za ka ci riba da ƙera su ba. Kasuwarka tana wajen mai babur ɗin da aka shigo da shi na hannu, wanda ƙaramin ƙarfe ɗaya zai sa ya ajiye shi wata guda yana jiran oda.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne, kayan babur kashi biyu ne. Akwai waɗanda in sun lalace babur ne zai tsaya, akwai waɗanda in sun karye mutum ne zai faɗi. Na farkon su ne naka: zoben da ke raba boris da boris a cikin taya, bush (ɗan bututun da sanda ke juyawa a cikinsa), matakin ƙafa, maƙalar akwatin kaya, murfin ƙarshen hannun babur, da makamantansu. Amma sandar da ke riƙe taya, da duk abin da ya shafi birki, da kusoshin da ke riƙe shok da wuyan babur, ka bar su tukuna, ko da mai babur ya roƙe ka ya ninka kuɗi.

Dalili kuwa yana cikin ƙarfen ne, ba a gwanintar hannunka ba. Ɗauki kusar birki ka dubi kanta, za ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Wannan lamba tana gaya maka ƙarfinta. Ƙarfe mai laushi da ake walda da shi bai fi rabin ƙarfin 8.8 ba, domin ita an zaɓi ƙarfenta, an gasa ta, an kuma daidaita taurinta a masana'anta. Zarenta ma murza shi aka yi da matsi, ba yanka shi aka yi ba, shi ya sa yake jure girgiza. Kai kuwa in ka sassaƙa irinta daga rodin gini, a ido ba za a bambance su ba, za ta shiga daram, ta yi makonni lafiya, sannan wata rana a ramin titi ta tsinke ba tare da ta ba da alama ba. Mutumin da ke kai yana da iyali.

Don haka ka san ƙarfen da kake saya. A Owode Onirin, kan hanyar Ikorodu, za ka samu ƙarfe iri-iri, amma yawancinsa ba ya ɗauke da suna. Ka nemi EN8, wato wani nau'in ƙarfe mai matsakaicin tauri, don ƙananan sanduna da fil, alminiyom 6061 don maƙalai da matakai, tagulla don bush. In ka sayi guntun da ba ka san asalinsa ba, ka ɗora shi a kan dutsen giranda ka kalli tartsatsin: mai laushi yana ba da dogayen layuka marasa reshe, mai tauri kuma tartsatsinsa yana fashewa kamar taurari. Wannan gwaji kimantawa ce kawai, bai isa ka dogara da shi a kan abin da zai ɗauki rai ba.

Kan abin da za ka fara saya, shawarata ita ce ka sayi kayan awo kafin injin. Ka samu kalifa mai karanta 0.02 na milimita, da maikuromita mai karanta 0.01, ka yi ta auna tsofaffin kaya har hannunka ya saba. Ga misali. Boris mai lamba 6301 raminsa milimita 12 ne, faɗinsa na waje 37, kaurinsa 12. Tsakanin mazaunin da ya riƙe shi da kyau da wanda zai bar shi yana wasa, bambancin bai kai kaurin silin gashi ba. Haka zoben nan na cikin taya. In ya gaza tsayi ko da kaɗan ne, da zarar an ɗaure notin sandar taya sai matsin ya koma kan ƙwayoyin boris, taya ta yi nauyin juyawa, boris ya ɗauki zafi ya mutu da wuri, mai babur kuma ya riƙa zargin boris ɗin da jabu ne. In fuskokin zoben biyu ba su miƙe daidai da juna ba, nan ma matsala ce. Ƙarfe ne da bai fi ɗan yatsa ba, amma wanda ya iya shi ya kama hanyar sana'ar.

Injin kuwa, tsoho mai nauyi wanda gadonsa, wato dogon jikin da wuƙar yanka ke tafiya a kai, bai ci ba ya fi sabo mara nauyi mai rawa. Ka je da wanda ya san injin, ku sa sanda ku yanka, ku auna farkonta da ƙarshenta, in sun bambanta sosai ku bar shi. Ka tambaya ko na wutar lantarki mai layi ɗaya ne ko mai layi uku, don yawancin gidajen haya layi ɗaya gare su, kuma motar lantarkin da ke juya injin tana jan wuta ninki da yawa lokacin tashi, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. A kafa shi a kan daɓen siminti, a daidaita shi, kuma ka yi magana da mai gida da maƙwabta tun kafin ka sauke shi. Ƙara injin huda da saitin yanka zare, sun ishe ka farawa.

Wajen aiki, sandar ƙarfe mai laushi ta milimita 25 tana son juyi 300 zuwa 400 a minti in da wuƙar yanka ta gama-gari kake aiki. Alminiyom yana son gudu fiye da haka, ka riƙa ɗiga masa kananzir don kada ya manne a bakin wuƙa. Zaren M6, wato na kusa mai kaurin milimita 6, ana huda masa ramin milimita 5, M8 kuma 6.8. Ka riƙa auna zaren tsohuwar kusa kafin ka yanka, don baburan Japan da Indiya suna yawan amfani da M10 mai siririn zare, wanda tazarar zarensa milimita 1.25 ce, wanda bai dace da na kasuwa mai 1.5 ba. Sannan danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe: duk abin da ka gama ka shafa masa mai ko fenti, inda ƙarfe zai shiga cikin alminiyom kuma ka sa girisi, in ba haka ba za su cije juna.

Kada ka tsaya gaban injin da kaftani ko jallabiya ko safar hannu, domin abin da ya kama ba ya saki. Ka sa tabarau na kariya, ka cire makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi a kan injin kafin ka kunna, kada ka ja ɓawon ƙarfe da yatsa. Tunda gida ne kuma akwai yara, a yi wa wurin ƙofa mai kwaɗo, a kuma sa makunnin wutar inda hannunsu ba zai kai ba.