Da gaske ne lakar ƙasan dam tana haɗa gubar da ke taruwa a jikin kifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bandar kifi ce a Dadin Kowa, ina kai wa 'yan kasuwa a Gombe. Yarona da ke jami'a ya zo hutu yana cewa wai ruwan dam yana haɗa wata guba ta zaiba da ke taruwa a jikin kifi. 'Yata tana da juna biyu, kuma ba ta cin tuwo sai da kifi. Gaskiya ne? Wuta da hayaƙi ba sa kashe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaronki bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauko zancen daga tsakiya.

Dam ba ya ƙirƙirar zaiba. Zaiba tana nan cikin ƙasa da duwatsu tun asali, kaɗan-kaɗan, wata kuma iska ce ke kawo ta daga hayaƙin kwal da ƙonon daji, ruwan sama ya sauko da ita. A duniya yau, babu abin da ke sakin ta kamar ƙananan masu haƙar zinare da ke cuɗa ta da garin dutse, su ƙona. Ga tsofaffin batura, fasassun ƙwayayen lantarki masu dogon bututu, da wasu mayukan bilicin. Kada a haɗa wannan da abin da ya kashe yara a Zamfara a 2010. Waccan dalma ce, ba zaiba ba.

Zaibar da ruwa ya wanko zuwa dam, a yadda take, ba ta cika kama jikin kifi ba. Aikin yana faruwa ne a ƙasa, cikin baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, inda iska ba ta kaiwa. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu rayuwa a kan ruɓaɓɓen ganye da ciyawa, waɗanda maimakon iskar shaƙa suke amfani da sinadarin salfet ko ƙarfe. Idan zaiba ta shiga cikinsu, sai su liƙa mata wani ɗan guntun sinadari, ta fito da sabuwar kama da masana ke kira metilmakuri. Masu bincike a ƙasar Suwidin ne suka nuna haka a 1969, kuma sai a 2013 aka gano ƙwayoyin gado biyu, hgcA da hgcB, da ke ba ƙwayoyin halittar wannan iko.

Sabon dam shi ne gidan bikinsu. Ranar da aka tare kogi, gonaki da daji da ciyawa duk su nutse, abinci ya samu. A manyan madatsun La Grande da ke Kanada, zaibar jikin kifaye masu cin 'yan'uwansu ta ninka sau da dama bayan cika dam, kuma sai da aka yi shekara 20 zuwa 30 kafin ta koma yadda take. Dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980 yake, don haka wancan tashin farko ya daɗe da wucewa. Abin da na fi sa wa ido a madatsunmu shi ne ja da dawowar ruwa. Da rani ruwa ya janye, laka ta bushe ta sha iska, salfet ya sabunta, ciyawa ta tsiro, wasu ma su yi shuka a gaɓar. Damina ta zo ta rufe komai. Ke nan kowace shekara ana yi wa ƙwayoyin nan sabon girki a bakin ruwa, daidai inda 'ya'yan kifi ke kiwo.

Allah da ikonsa, gubar tana da masu warware ta. Na farko rana. Haskenta yana tsinke guntun da aka liƙa wa zaibar, amma a saman ruwa kawai. Idan ruwa ya yi jawur da damina, hasken ba ya nisa. Na biyu wasu ƙwayoyin halittar ne, su ma a cikin laka da ruwa, da ke kwance abin da 'yan'uwansu suka ƙulla, har wani kason zaibar ya tashi sama kamar tururi. Abin da ya rage a ruwa shi ne bambancin da ke tsakanin masu ƙullawa da masu kwancewa, kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Shi ya sa ba ruwan sha ne hanyar da gubar ke bi ta kai ga mutum ba.

Kifi ne hanyar. Gansakuka ta tsotse ta daga ruwa, ƙananan ƙwari su ci gansakuka, ƙaramin kifi ya ci ƙwari, babba ya haɗiye ƙarami. A kowane mataki tana ƙaruwa, domin tana manne wa tsoka ne, fitarta kuma a hankali take. Kafin a kai ga babban kifi, abin da ke jikinsa kan iya ninka na ruwan da yake iyo a ciki sau miliyan. Rana kuma ba ta shiga cikin tsoka balle ta warware ta.

A nan ne amsar tambayarki ta biyu take: a'a. Banda, suya, tafasa, gishiri, yaji, babu mai cire ta. Cire fata da kitse ma bai taimaka ba, tunda ba a kitse take ba. Ruwa kawai banda take korewa, zaibar na nan daram. Kuma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kifin da ke ɗauke da ita lafiyarsa lau a ido. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya faɗin adadinta.

Me ya sa ake damuwa da mai ciki? Gubar tana ratsa mahaifa ta kai ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi lokacin da take ginuwa. A garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, an ga uwaye da alamunsu ba su taka kara sun karya ba sun haifi yara masu naƙasa mai tsanani. Amma can wata masana'anta ce ta shekara da shekaru tana zuba gubar kai tsaye a teku. Ba a kwatanta shi da dam irin namu. Ma'aunin da kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci suka sa a 2003 shi ne kada gubar da mutum ke ci ta wuce maikurogiram 1.6 a mako ga kowane kilo na nauyin jiki (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Jikin mutum yana fitar da kusan rabin abin da ya shiga cikin wata biyu, don haka cin yau da gobe ne ke tara ta, ba cin rana ɗaya ba.

Ni dai ba zan ce a hana 'yarki kifi ba. Mai ciki tana buƙatarsa, kuma hana ta zai fi cutar da ita. Zaɓi za ki yi mata, ke da kika san kifi fiye da ni. Karfasa, wadda yawancin abincinta gansakuka ne, ita ce a gaba. Tarwaɗa tana cin komai, sai a ɗauki matsakaiciya, a bar ƙatuwar tsohuwa. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, kuma iya girmansu da shekarunsu iya abin da suka tara. Waɗannan ta riƙa ci jefi-jefi har ta haihu ta yaye. Haka ma yara ƙanana. Idan kuma kifi ya fito daga rafin da kika san ana wanke zinare a samansa, kada ki saya mata, kowane iri ne.